Takunkumi a Haɓa Ba Rigakafi Ba Ne

Jama'ar Arewa mazauna Kurmi, har yau akwai masu zama a majalisun Agege da Sabon Badun suna bugun ƙirji, wai su ba su taɓa rufe hanci ba a zamanin Korona, ga su kuma da ransu. To, wa ya ƙirga mutanen da suka yi wa tari a fuska?

Cutar ta ɓulla a Ikko ran 27 ga Fabrairu, 1920 da ɗari, wato 2020. Da aka sassauta kulle ran 4 ga Mayu, Gwamnati ta wajabta ɗaura takunkumi, alhali na asibiti ya yi tsada, bai ma ishi likitoci ba. Teloli ne suka fid da mu kunya, tun daga Aba har rumfunan unguwanninmu: guntun atamfa ninki biyu ko uku, da igiya, a wanke da sabulu a shanya. Ba mu ce ƙyalle ya kai na asibiti ba. Bai kai ba. Amma yana rage feshin yawu da cutar ke bi, ga shi kuwa sau da yawa mai ɗauke da ita bai sani ba.

Sai gwanayen namu suka rataye shi a haɓa, ba sa jansa sama sai sun hango ɗan sanda, wai ai cutar manya ce. Mutum shida a ɗaki guda, ga tirela cike maƙil zuwa gida wajen tsofaffi! Maƙabartun Kano a watan Afrilun shekarar ba manya kaɗai suka karɓa ba.