Ra'ayinmu: Motar asibiti ba ta ceton rai sai da ƙwararre a cikinta

Garin Gidigir yana kan babbar hanyar da ta taso daga Damagaram ta bi ta Gure zuwa Difa. Tsakanin Damagaram da Gure kimanin kilomita 160 ne. Idan mota ta kife da 'yan kasuwa a wannan tsakani, ko naƙuda ta gardama wa mace cikin dare, ƙaramin asibitin gari zai yi iya ƙoƙarinsa, daga nan sai a ce a wuce Gure ko Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram. A cikin wannan doguwar tafiya ake rasa mutane da yawa waɗanda da sun rayu.

Duk lokacin da aka raba sababbin motocin ɗaukar marasa lafiya, ana taro ana ɗaukar hoto. Ba kasafai ake tambayar wanda zai zauna a baya tare da majinyaci ba. Abin da mutanen karkara suka saba gani shi ne direba a gaba, ɗan'uwa a baya yana salati. In nas ya raka su, to ya bar asibitinsa babu kowa. Alhali tsayar da jini, buɗe hanyar numfashi, ɗaure karaya, kare wuyan wanda ya yi hatsari da sa ƙarin ruwa, duk aiki ne da ake koya, kuma mintocin farko ne ke raba rai da mutuwa.

Nijar ta gaji tsarin Faransa, inda likita da kansa ke fita da motar SAMU. Wannan na iya aiki a Yamai, inda ake kiran lamba 15, ko 18 ta 'yan kwana-kwana. Amma ƙasar da likitocinta ba su wadaci manyan asibitoci ba, yaushe za ta ajiye likita a kowace mota a Gidigir?

Gana ta bi wata hanya. Bayan turmutsitsin filin wasan Accra na watan Mayun 2001, ta kafa hukumar motocin agajin gaggawa ta ƙasa a 2004, daga baya ta buɗe makaranta a Nkenkaasu domin horar da ma'aikatan ceto. Waɗannan ba likitoci ba ne, amma suna da takardar shaida, kaki, albashi da matakan ƙarin girma. Najeriya ma ta ƙaddamar da shirinta na NEMSAS a 2022.

Damagaram ba ta rasa abin farawa ba. Akwai makarantar ENSP mai horar da ma'aikatan lafiya, akwai Jami'ar André Salifou, akwai ƙungiyar Croix-Rouge da ta daɗe tana koyar da taimakon farko. Abin da muke nema daga Ma'aikatar Lafiya abu uku ne. A buɗe kwas na musamman ga matasa masu takardar BEPC ko BAC, tare da horo a sashen gaggawa. A sanya wannan sana'a cikin jerin ma'aikatan gwamnati, da hanyar ci gaba zuwa aikin nas ko ƙarin ƙwarewa. Sannan a biya albashi kan kari, da alawus na kwanan aiki da na haɗari.

Batun kuɗi ba abin kunya ba ne. Mafi ƙarancin albashi a Nijar jaka 42 ne. Wanda za a tasa tsakar dare ya ɗauki mai jini a jika, ya yi tafiyar awanni, bai kamata a ajiye shi a kan wannan ba, balle a ce ya yi aikin sa kai har sai baba ta gani. Da haka ne muke horar da yara su tafi Libiya ko Aljeriya neman na tuwo. Gwamnati ta rage kuɗin magani a asibitocinta da rabi a 2024, wannan abin yabo ne. Sai dai ragin bai amfani wanda ya cika a hanya ba.

Ga matasanmu masu neman aiki, kada ku jira sai an buɗe kwas ɗin. Ku nemi horon taimakon farko da lasin tuƙi tun yanzu, domin su ne tsanin farko, kuma kamfanoni da ƙungiyoyin agaji na neman masu su. 'Yan'uwanmu na ƙetare kuwa, masu haɗa kuɗi su sayo wa garinsu mota, ku ware wani kaso domin horar da mutum biyu da biyan su na shekara guda aƙalla. Ku tambayi hukumar gari wa zai zauna a bayan motar kafin ku miƙa makulli.