Yaron da Ya Dawo Aji da Mantuwa

Bara wani ɗalibina ɗan aji huɗu ya faɗo daga kan babur a hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara, kansa ya bugu. Bayan makonni ya dawo makaranta, rauni ya warke, gashi ya rufe tabo. Sai dai abin da na koyar da safe, kafin a tashi ya gushe masa. Na ɗauka lalaci ne, har sau biyu na ɗaga masa bulala. Abin yana ci mini rai har yau.

Buguwar kai, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, duk suna iya raunana riƙe sabon abu, alhali yaro bai manta Fatiha ko sunayen 'yan gidansu ba. Nan muke ruɗewa: tsohon karatu yana nan daram, sabo ne ba ya zama.

Akwai hanyoyin horarwa, kuma ba su fi ƙarfin malamin firamare ba. Masaniyar ƙwaƙwalwa Barbara Wilson ta Ingila tana cikin waɗanda suka nuna cewa bai kamata a bar mai irin wannan rauni yana canki-canki ba, domin kuskuren da ya furta shi ne zai maƙale masa. A ba shi amsar daidai tun farko, ya maimaita. Sannan a tambaye shi bayan minti ɗaya, bayan minti biyar, bayan tara, sai kuma gobe, ana ƙara tazara sannu a hankali. A ba shi ɗan littafi ya riƙa rubuta aikin gida da saƙon iyaye. Da haka ɗalibina ya riƙe jadawalin sau uku, bayan wata guda cur.

Ƙwararru suna Shika ta Zariya da Katsina. Wane manomi ne a Faskari ko Sabuwa zai iya kai ɗansa can kowane mako, ga kuɗin mota, ga halin da hanyoyinmu suke ciki? Mu ne muke tare da yaron kwana biyar a mako.

Saboda haka ina kira ga reshenmu na NUT da ya nemi SUBEB ta sa wannan darasi cikin bitar malamai. Shugabannin makarantu kuma su riƙa tambayar iyaye, duk yaron da ya dawo daga jinya, ko ciwon ya taɓa kansa, a rubuta a rajista kafin ya zauna a benci.