Hawan Jini: Laifin Fata Ne Ko Na Tukunya?

Akwai maganar da ke yawo har a harabar majami'u, wai hawan jini gādon baƙar fata ne, don haka sai haƙuri. Masu faɗin haka suna kafa hujja da Amurka, inda fiye da rabin baligai baƙaƙen fata suke da hawan jini. Yana kama su da wuri, yana kuma kai su ga shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda fiye da farare. Lissafin gaskiya ne. Fassarar da ake yi masa ce ba mu yarda da ita ba.

A 1997 Dokta Richard Cooper da abokan aikinsa sun fitar da sakamakon awon da suka yi wa mutane masu asali ɗaya, wato Afirka ta Yamma. A Najeriya da Kamaru kashi 16 cikin ɗari ne ke da hawan jini, a tsibiran Karebiyan kashi 26, a Amurka kuwa kashi 33. Da fata ce kaɗai, ai da adadin bai bambanta haka ba. Abin da ya sauya shi ne abinci, da ƙiba, da gishiri. Ga kuma talauci da wariyar da suka bar unguwannin baƙaƙe da yawa nesa da likita da kasuwar ganye. Mu ma tun daga wancan lokaci hawan jini ya ƙaru ƙwarai a garuruwanmu, fatarmu kuwa tana nan yadda take.

To, me ke cikin ganyen? Alayyahu da latas da jan tushen nan bitirut, wanda ake nomawa a Filato, suna ɗauke da sinadarin naitaret. Idan an ci, jini yakan komo da shi cikin miyau, sai wasu ƙwayoyin halitta da ke bisa harshe su juya shi. Daga nan jiki ya samar da iskar naitirik okusaid, wadda ke sa jijiyoyin jini su saki, jini ya bi a sauƙaƙe. Gano aikin wannan iska ne ya ba masana uku lambar Nobel a 1998. A Landan, a 2015, an ba masu hawan jini kofi ɗaya na ruwan bitirut kullum har mako huɗu, awonsu na sama ya sauka da kimanin maki 8. Tun 1997 ma gwajin abinci na DASH a Amurka ya nuna yawan ganye da 'ya'yan itace na saukar da jini, baƙaƙe kuwa suka fi amfana. Daniyel da abokansa da suka zaɓi ganyaye a fadar Babila ba su yi asara ba.

Amma fa a yi hattara. Ganye ba ya maye gurbin ƙwayar asibiti. Wanda ya ajiye maganinsa domin an yi masa addu'a, ko domin yana shan ruwan bitirut, yana gwada Ubangiji ne. Mai ciwon ƙoda kuma ya tambayi likita tukuna.

A birnin New York an gwada koyar da gyaran abinci da motsa jiki a ikilisiyoyin baƙaƙe 32, aka kuma ga jinin membobi ya sauka, kamar yadda aka bayyana a 2018. Me zai hana mu? Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishiri kada ya kai giram 5 a rana, kusan ƙaramin cokali ɗaya, amma a dubi yawan dunƙule da gishirin da ke shiga tukunyar bikin Kirsimeti. Muna roƙon Zumuntar Mata su fara daga nan, su rage dunƙule, su ƙara alayyahu. Dattawan ikilisiya kuma su cire kuɗin na'urar awon jini ɗaya daga baiko, a ba ma'aikatan jinya da ke cikinmu tebur a bakin ƙofa, su riƙa auna jama'a bayan sujada ran Lahadin farko na kowane wata.