RIGAR MAKARANTA DA HIJABIN 'YA'YANMU

Kowace shekara, da zarar sakamakon jarrabawa ya fito aka rarraba yara a manyan makarantun sakandare, sai zancen rigar makaranta ya tashi a zango. Iyaye su zo da takardar dokokin makaranta a hannu suna tambaya, shin yarinyar nan za a bar ta ta rufe kanta ko kuwa? Tun da yake maganar ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, mun ga ya kamata mu bayyana inda muka tsaya, don kada kowa ya yi ta yi mana fassara yadda ya ga dama.

Da farko dai mu ba abokan gāban yunifom ba ne. Duk wanda ya tashi a Nima ko Sabon Zango ko Aboabo ya san amfaninsa. Ɗan mai shago da ɗan mai dako su zauna benci guda, malami bai iya rarrabe su ta wajen sutura ba, uwa kuwa ba ta kwana tana tunanin abin da yaro zai sa gobe. Riga biyu sun ishe shi zangon karatu, a wanke ɗaya a sa ɗaya. Yaron da ya gudu daga aji ya tafi tasha yawo, rigarsa ce ke tona shi. Da za a ce yau an soke yunifom kowa ya sa abin da ya so, 'ya'yan talakawa ne za su fara jin kunya, mu kuwa a zango talakawanmu sun fi yawa. Saboda haka masu cewa yunifom kansa danne haƙƙin yara ne, ba mu tare da su.

Inda gizo ke saƙar shi ne, rigar da aka yi don ta haɗa yara, a wasu wurare ta zama ƙofar da ake rufewa a fuskar waɗansu. Yarinya ta ci jarrabawa da ƙoƙarinta, ta zo bakin ƙofa da akwatinta, a ce mata sai ta tuɓe ɗankwali kafin ta shiga. A yawancin makarantun nan kuma doka ce 'yammata su aske gashi ƙasa-ƙasa. To, a gida an koya mata tun tana ƙarama cewa rufe kai umurnin Ubangiji ne, ga shi makaranta ta ce buɗe kai sharaɗin karatu ne. Yarinya 'yar shekara 15 aka ɗora wa wannan zaɓi. Wasu iyayen kuwa ba su bari ta zaɓa ma, sai su ce ta dawo gida ta koyi ɗinki ko ta kama talla.

Mu mun san ƙarshen wannan hanya, gama kakanninmu sun bi ta. A zamanin Turawa, da makarantun boko ke hannun 'yan Mishan, mutanen zango suka ƙi kai 'ya'yansu don tsoron kada a sauya musu addini da suna. Ba mu zarginsu, abin da suka ji tsoro yana faruwa a lokacin. Amma kowa ya ga abin da ya biyo baya: da aka sami mulkin kai a 1957, aikin ofis da na asibiti da na kotu ya tafi ga waɗanda suka yi boko, mu aka bar mu da gadi da dako da fatauci. Sai a 1987 Gwamnati ta kafa sashen kula da ilmin Musulunci, makarantunmu na Islamiyya suka shiga tsarin hukuma, iyaye suka fara sakin jiki. Duk abin da zai sake sa uban yarinya ya ji tsoron makaranta, koma-baya ne a gare mu, kuma koma-baya ne ga ƙasar Gana.

Su shugabannin makarantun Mishan suna da tasu hujjar, kuma ba za mu raina ta ba. Sukan ce su suka gina makarantun nan da kuɗin mabiyansu, wasu tun kafin a san za a yi ƙasa mai suna Gana. Makarantar 'yammata ta Wesley da ke Cape Coast, alal misali, tun 1836 aka kafa ta. Sukan ce horon da suka riƙe shi ne ya sa kowa ke rububin kawo ɗansa, in kuwa aka buɗe ƙofa ga wannan, gobe wancan ma zai zo da nasa. A shekarar 2015, sa'ad da Musulmi suka yi zanga-zangar lumana a Sekondi-Takoradi a kan hijabi da tilasta wa yara shiga coci, Gwamnatin Shugaba Mahama ta gargaɗi shugabannin makarantu su daina, amma Bishop-bishop na Katolika suka ce wa nasu su ci gaba da tafiyar da makarantu bisa al'adarsu. Haka kuma a 2021, da maganar hana azumi ta tashi a makarantar Wesley, hukumar ilmi ta ce a bar yara su yi azumi, Cocin Methodist ta ce ba ta yarda ba.

Amsarmu ita ce, makarantun nan yau ba na coci kaɗai ba ne. Albashin malamansu daga baitulmalin Gwamnati yake fitowa, tun 2017 kuma da aka fara karatun sakandare kyauta, Gwamnati ce ke ɗaukar nauyin kuɗin makaranta da abincin 'yan kwana. Harajin mai sayar da goro a Kumasi yana ciki, na mai tuƙa tirela zuwa Tamale yana ciki. Ƙidayar 2021 ta nuna kusan mutum 1 cikin kowane 5 a ƙasar nan Musulmi ne. Masu cewa "in ba ku so ku tafi naku makarantun" sun manta cewa yaro sunayen makarantu kawai yake rubutawa, kwamfutar hukuma ce ke yanke inda za shi, manyan makarantun Musulmi kuwa ba su da yawan da za su ɗauke 'ya'yanmu duka. Tsarin mulkin 1992 ya ba kowa 'yancin yin addininsa da bayyana shi a sashe na 21, sashe na 28 kuma ya hana a tauye wa yaro ilmi saboda addini kawai.

Kotu ma ta taɓa duba irin wannan. A 2021 makarantar Achimota ta ƙi karɓar yara biyu mabiya addinin Rasta sai sun aske gashinsu. Ran 31 ga Mayu na shekarar, Mai Shari'a Gifty Agyei Addo ta Babbar Kotun Ankara ta yanke hukunci a karɓe su yadda suke. Ɗaya daga cikinsu ya gama a 2023 da sakamako mafi daraja a darussa 8, makarantar kuwa ba ta rushe ba. Abin mamaki, tambarin Achimota makullan piyano ne baƙaƙe da farare, tunawa da maganar Dakta Aggrey cewa kiɗa ba ya daɗi sai an haɗa su. Mun ji wasu 'yan'uwanmu a lokacin suna cewa ina ruwanmu da 'yan Rasta. Ai ruwanmu ne ƙwarai, gama igiyar da ta ɗaure gashinsu ita ce ta ɗaure ɗankwalin 'yarka. A Nijeriya ma Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yuni na 2022 cewa 'yammata suna da ikon sa hijabi a makarantun Gwamnatin Jihar Legas.

Sai dai kada mu ɗauka kotu za ta ba mu duk abin da muka nema. A Ingila, wata ɗaliba ta kai makarantarta ta garin Luton ƙara don an hana ta sa jilbabi, amma a 2006 alƙalan ƙoli suka ba makaranta gaskiya. Dalilinsu shi ne makarantar ta riga ta shawarci iyaye da malaman addini, ta yarda da doguwar taguwa da wando da ɗankwali a cikin yunifom ɗinta. Watau makarantar da ta yi shawara ta ba da wuri, hujjarta ta fi ƙarfi. Wannan shi muke roƙo a nan. Makaranta ta zaɓi yadin, ta zaɓi launin, ta faɗi tsawon, ta sa bajenta a kai in ta so, tela guda ya ɗinka wa kowa. Hijabin ya zama ɓangaren yunifom kamar yadda safa da takalmi suke. Mu kuma iyaye mu ja kunnen 'ya'yanmu, kada wata ta zo da mayafin biki mai ƙyalli ta ce addini ne.

Akwai kuma maganar da ta shafe mu a cikin gida. Makarantunmu na Islamiyya da ke ƙarƙashin Gwamnati suna karɓar 'ya'yan Kirista, kuma malamansu albashin Gwamnati suke ci. In muka tilasta wa 'yar Kirista rufe kai ko tsayuwa a sahun salla, da wane baki za mu je mu yi ƙarar wani? Muna kira ga masu riƙe da makarantun nan su duba dokokinsu tun kafin wani ya duba musu.

Ga iyaye kuwa, in takardar dokokin makaranta ta zo, a karanta ta tun daga farko har ƙarshe, wanda bai iya Turanci ba ya kawo a karanta masa. In an ga abin da ya shafi sutura ko salla ko azumi, a sanar da shugabannin ƙungiya tun da sauran lokaci, a rubuta wa hedimasta takarda cikin ladabi, a aika da kwafi ofishin ilmi na gunduma, a kuma ajiye kwafi guda a gida. Kada a bari sai ranar kai yarinya a tsaya ana cacar baki da mai gadi a bakin ƙofa, kada kuma a cire ta daga makaranta kafin amsar takardar ta zo.