Kyamarar da ke bakin ƙofar ofishinku, wa take yi wa aiki?

Makon jiya aka kafa mana sababbin kyamarorin tsaro a ofis. Da yaron ya gama haɗa wayoyinsa zai tafi, na tambaye shi ko ya canza kalmar sirrin da suka zo da ita daga kamfani. Ya yi dariya ya ce, "Yallaɓai, ai in na canza, ku ne za ku manta ku riƙa damuna da kira." Na yi shiru, don gaskiya ya faɗa. Amma abin ya tsaya min a rai, sai ku yi haƙuri da tsawon rubutun.

Ran Juma'a 21 ga Oktoba 2016, mutane da yawa a Amurka suka wayi gari Twitter ba ta buɗuwa. Haka Netflix, PayPal, Spotify da Reddit. Kuma babu ko ɗaya cikinsu da aka fasa. Wani kamfani aka kai wa hari mai suna Dyn, wanda yawancin jama'a ba su taɓa jin sunansa ba. Aikinsa shi ne abin da ake kira DNS. Kwamfuta ba ta san suna ba, lamba ta sani. In ka rubuta sunan shafi, sai wayarka ta fara tambayar wata saba: wannan sunan, mece ce lambarsa? Idan mai ba da amsar ya faɗi, shafin yana nan lafiyarsa ƙalau, amma babu mai sanin hanyar zuwa wurinsa.

Yadda aka kayar da Dyn ba wata gagarumar dabara ba ce, cunkoso ne. Kamar a turo mutum dubu su cika ƙofar banki, ba mai ajiya ba mai cira, har mai buƙatar gaske ya rasa ta inda zai shiga. To su wa suka yi cunkoson? Kyamarorin tsaro, akwatunan da ke naɗar hotonsu, da na'urorin raba intanet na gidajen mutane. Dyn ta ƙiyasta sun kai kusan 100,000. Wata muguwar manhaja ce mai suna Mirai take yawo a intanet tana gwada kalmomin sirri wajen 60, irin waɗanda kamfanoni ke sawa tun daga masana'anta, su "admin" da "12345". Inda ta dace ta shige. Mai kyamara bai san komai ba, hotonsa na fitowa tas, alhali na'urarsa ta tafi yaƙi a wata ƙasa.

Abin takaicin, matasa uku ne 'yan Amurka suka rubuta Mirai, kuma asalin rigimarsu kan kasuwar sabobin wasan Minecraft ne. Sun amsa laifinsu a kotu a ƙarshen 2017. Makonni kaɗan kafin harin Dyn aka saki manhajar a fili, kowa ya ɗauka ya yi abin da ya ga dama.

Ga inda nake ganin matsalar take: wanda ya yi sakacin ba shi ke asarar ba. Shi ya sa jan kunne da tarukan wayar da kai ba za su gyara wannan ba. Jihar Kalifoniya tun 2020, sannan Birtaniya daga Afrilun 2024, sun hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri guda mai sauƙin zato. Mu nan NCC tana tantance kayan sadarwa kafin a amince da su. Me zai hana a ƙara wannan sharaɗin? Na san wani zai ce yunwa ake fama da ita, wa ke ta kyamara. Haka ne, amma layi ɗaya ne a takarda.

Ɗaya ɓangaren kuma namu ne, mu ma'aikata. Shafukan da suka raba DNS ɗinsu tsakanin kamfani biyu sun fi tsira a ranar Dyn. Ni dai na sha zama a taron ba da kwangilar shafin intanet, a yi awa guda ana gardamar launi da inda za a sa hoton oga, ba wanda ya tambayi wa ke riƙe da DNS, ko da sunan wa aka yi rajistar adireshin. Galibi da sunan ɗan kwangilar ne, a kan saba ɗaya tilo. Ga shi yanzu neman aiki, biyan haraji da rajistar jarrabawa duk sun koma intanet. Ko Facebook, da duk kuɗinta, kuskurenta na cikin gida ya sa sabobin DNS ɗinta suka ɓace daga intanet ran 4 ga Oktoba 2021, WhatsApp da Instagram suka ɗauke kusan awa shida. Kun tuna daren nan da kowa ya yi ta zagin kamfanin layinsa ba da haƙƙinsa ba.

Gobe in Allah ya kai mu zan rubuta wa darakta takarda a kira yaron nan ya dawo ya canza, a rubuta sabuwar kalmar a sa a ambulan a kulle a sef. In kwamitin sayayya ya ce sai an buɗe fayil tukuna, zan ba ku labari.