Hayar shago: doka na tare da ɗan haya, amma wa ya gaya masa?

Abin ya zama ruwan dare a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai. Matashi ya kama shago, ya yi fenti, ya sa kanta da lantarki da kuɗinsa, ya sha zaman jiran ciniki. Ranar da mutane suka san wurin, sai mai gida ya aiko: ko a ninka kuɗin haya, ko a ba shi makullinsa ƙarshen wata, wai ɗansa zai fara sana'a. Yawancinmu sai mu ce Allah ya isa, mu kwashe kaya.

Alhali doka ba ta ba mai gida wannan ikon ba. Nijar na cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA, kuma dokar kasuwanci ta ƙungiyar, wadda aka sabunta a Lome cikin watan Disamba na 2010, ita ke hukunta hayar wurin sana'a a ƙasarmu. Ta amince da yarjejeniyar haya ko da ta baka ce. Idan ba a rubuta wa'adi ba, wanda ke son a rabu sai ya ba da sanarwar wata 6 aƙalla. Wanda ya shekara 2 yana sana'arsa a wurin kuma ya samu haƙƙin a sabunta masa haya, mai gidan da ya ƙi sai ya biya shi diyya. Ko sayar da ginin aka yi, hayar ba ta mutu ba. Sabon mai gida ya gaje ta.

Kada a ɗauka an ɗaure mai gida hannu da ƙafa. Ɗan hayar da ba ya biya ana iya fitar da shi, amma bayan takardar gargaɗi ta wata guda, kuma alƙali ne zai yanke. Ɓalle kwaɗo da watso kaya waje ba ya cikin doka.

Inda gizo ke saƙa shi ne shaida. Ta yaya za ka tabbatar wa alƙali ka shekara 2 a shago, bayan kowane wata hannu da hannu kake miƙa jika talatin ba tare da rasit ba? A wurinmu neman takarda daga dattijon unguwa kamar zargi ne, kunya ke hana mu. Kunyar nan tana da tsada. 'Yan uwanmu da ke ci-rani a Abijan, Legas ko Aljeriya sun fi kowa shiga haɗari: su ke turo jari, ƙane ke zama a shago, mai gida kuwa ƙanen kaɗai ya sani. Ranar da aka ɓata, wanda ya yi gumin kuɗin ba shi da ko layi ɗaya da sunansa. Takarda guda mai ɗauke da sunan mai jari, kuɗin haya, ranar shiga da sa hannun shaidu biyu ta isa ta canza labarin. Haka ma rasit ɗin NITA ko Amana, idan ta nan ake biya.

Sai dai ban yarda a ɗora wa 'yan kasuwa laifin duka ba. Dokar da faransanci take, cikin yaren lauyoyi, tela da mai gyaran salula ba za su karanta ta ba. Tun watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To, ga wurin da ya kamata a ga amfanin hakan. Ma'aikatar shari'a da majalisar 'yan kasuwa su fassara waɗannan 'yan ayoyi na hayar shago, a karanta su a gidajen rediyo, a kuma buga samfurin takardar haya mai shafi ɗaya da Hausa da Zabarmanci, a ajiye a ofisoshin magajin gari da na shugabannin kasuwanni, inda duk mai kama shago zai karɓa kyauta kafin ya miƙa kuɗin wata na farko.