Ra'ayinmu: Ƙaramin Jirgin Ƙasa Ma Sai Da Dattinsa



A duk lokacin da aka yi baje kolin aikin hannu a makarantu irin tamu, abin da ya fi ƙyalli shi ke tafiya da kyauta. A shafa wa motar gwangwani jan fenti ta riƙa walƙiya, alƙalai su zuba mata maki, a yi tafi a watse. Mu a wannan ƙungiya muna ganin da gyara. Idan ɗalibi ya ƙera ƙaramin samfurin wani abu, kamata ya yi a auna yadda ya yi kama da na gaske. Hujjarmu tana wurin masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa masu aiki da tururi.

A Ingila da Jamus da Amurka da Japan akwai manyan mutane, wasu har da furfura, da wannan ce sana'arsu ta sha'awa. Kamfanoni irin su Hornby da Märklin suna sayar musu da ƙananan kawunan jirgi bisa ma'auni. Wanda ya fi yaɗuwa a duniya shi ne 1:87, wato kan jirgi mai tsawon mita 20 zai dawo kusan santimita 23. A Ingila sun fi amfani da 1:76. Jirgin yakan fito daga kwali fes, ko ɗigon ƙura babu. To amma gwani ba ya barinsa haka. Zai ƙara masa abin da kamfani ya tsallake: siririyar waya a matsayin mariƙin hannu, fitilu, bututai, lambar jirgi, ɗan direba da mai zuba kwal. Zai daka kwal na gaske ya manna a taragon da ke biye da kan jirgin. Daga nan sai ya shiga aikin da ya fi wuya, wato tsufar da shi.

Wani zai ce ai ɓata abu ba ya buƙatar gwaninta. A nan ne ya yi kuskure, domin kowane datti a jikin jirgi yana da dalilinsa da mazauninsa. Jirgin tururi kwal yake ƙonawa ya tafasa ruwa a cikin doguwar tukunya, tururin ya tura fistin, fistin ya tura sandunan da ke juya ƙafafu. Saboda haka baƙin hayaƙi a saman tukunya yake kwanciya, daga bututun hayaƙi zuwa baya, kuma ba ya sheƙi. Inda ruwa ko tururi ke yoyo, kamar gindin usur, ana samun farin zane ya gangaro, irin wanda muke gani a cikin butar da ta daɗe ana tafasa ruwa. Wajen murhu, zafi yana cinye fenti, tsatsa ta fito, toka ta zauna a ƙasa. Kusa da birki akwai ƙura mai ruwan ƙasa da ƙarfe ke saki idan ya gogi ƙarfe. Sandunan ƙafafu kuwa sheƙi suke yi, don kullum cikin mai da giris suke. Wanda ya sa tsatsa a inda mai yake, ya tona wa kansa asiri cewa bai san yadda injin ke aiki ba.

Shi ya sa gwanayen ba sa aiki da ka. Hoton jirgi na gaske suke ajiyewa a gabansu. Sukan tsinka fenti ya zama ruwa-ruwa ya shige lunguna, su goge sauran. Sukan share buroshi har ya kusa bushewa sannan su shafa a gefuna. Sukan kankare alli mai launi su yi amfani da garinsa. Ƙa'idarsu ita ce kaɗan-kaɗan, domin ƙarawa ta fi cirewa sauƙi. Ku faɗa mana, wane darasi ne babu a nan? Akwai lissafin ma'auni, akwai kimiyyar zafi da tsatsa, akwai zane, akwai haƙuri.

Mun san za a ce mana an koya mana tsafta, me zai sa mu yabi datti? Gaskiya ne, kuma ma'aikatan reluwe ma suna wanke jiragensu, musamman masu jan fasinja. Wanda ya lafta baƙi ko'ina har jirgi ya zama kamar an tono shi daga bola, shi ma ƙarya ya yi. Abin da muke yabo shi ne lura. Za a kuma ce kayan suna da tsada. Na kamfani kam suna da tsada. Amma wa ya sayo mana kaya lokacin da muke ƙera motar kara da ta gwangwani a unguwa? Gwangwanin madara zai yi tukunya, marfin kwalba ya yi ƙafa, garin gawayi ya yi baƙin hayaƙi, jar ƙasa ta yi ƙura.

Kuma ba sai mun kwaikwayi jirgin Ingila ba, muna da namu. Layin dogo ya iso Kano a 1911, shi ne ya yi ta kwashe gyaɗa da auduga da fatu zuwa Legas. An yi wani siririn layi daga Zariya zuwa Jos saboda kuza, ya yi aiki har 1957, kuma akwai ragowar kawunansa a gidan tarihi na Jos. Da kwal ɗin Inugu jiragenmu suka yi aiki kafin masu shan dizal su karɓe su. Akwai ma wasu kawuna da aka ƙero a Birtaniya aka sa musu sunayen kogunan Najeriya. Jirgin da ya ratso daji a lokacin hunturu, ƙurar da ke jikinsa ba irin ta jirgin Landan ba ce. Wannan launi ba wanda zai fi mu saninsa.

Abin da ke damunmu shi ne waɗanda suka ga jiragen nan da idonsu suna ta ƙarewa. Tsohon da ya yi aikin reluwe zai iya gaya maka inda mai ke ɗiga da inda hannun direba ya goge fenti, abin da ba ka samu a littafin aji. Idan ba mu tambaye su yanzu ba, gobe wa za mu tambaya?

Don haka muna da roƙo uku. Malamanmu na fasaha su ba mu damar ƙera kan jirgin tururi na ƙasar nan a zango mai zuwa, bisa ma'auni. Alƙalan baje koli su riƙa tambayar mai aiki dalilin kowane tabo kafin su rage masa maki. Ku kuma 'yan uwa, duk mai kaka ko maƙwabci da ya yi aikin jirgi, ya je ya gaishe shi da littafi da biro a hannu, ya kawo mana abin da ya ji mu liƙa a wannan allo.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta